Me ya canza a ƙwaƙwalwar yanyawan Rasha har suka daina cizo?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Gwajin nan na yanyawa masu baƙin gashi da aka yi a Siberiya, sabo da mutane ne ya sanyaya su, ko kuwa wani abu ne ya canza a jikinsu?

Malamin Halittu: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba horo ba ne, zaɓen iri ne. Masanin kimiyya ɗan Rasha Dmitri Belyaev ya fara aikin a 1959 a birnin Novosibirsk, da yanyawa mata 100 da maza 30, abokiyar aikinsa Lyudmila Trut ta ci gaba da shi bayan rasuwarsa a 1985. Tun ɗan yanyawa yana wata ɗaya ake miƙa masa abinci da hannu ana ƙoƙarin shafa shi, a maimaita duk wata har ya kai wata shida ko bakwai, a wata na bakwai ko takwas a auna natsuwarsa. Da gangan ake taƙaita mu'amala, don kada sabo ya ɓata sakamakon. Mafi natsuwa kawai ake barin su hayayyafa: kusan kashi 5 cikin 100 na maza, kashi 20 na mata. A zuriya ta 10 kashi 18 cikin 100 ne ke neman mutum da kansu, a ta 20 sun kai kashi 35.

Likitar Dabbobi: Malam ya yi daidai, bari in ƙara ɓangaren sinadarai. Akwai wata 'yar tsoka a saman ƙoda mai fitar da kotisol, sinadarin firgici. Bayan zuriya 12, yawan irin wannan sinadari a jininsu ya ragu zuwa kusan rabin na waɗanda ba a zaɓa ba, wajen zuriya 30 ya sake raguwa da rabi. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne lokaci. Ɗan yanyawan da ba a zaɓa ba yana fara tsoron baƙon abu a mako na shida, daidai lokacin da kotisol ke hauhawa. Na zaɓaɓɓun sai mako na tara ko bayansa, wato ƙofar sabo tana daɗewa a buɗe. Sirotonin kuma, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai danne faɗa, ya fi yawa a wasu sassan ƙwaƙwalwarsu. Galibin cizon yanyawa a keji na tsoro ne.

Mai Tambaya: To likita, in an ba uwa mai sanyi ɗan masu faɗa ta raine shi fa?

Likitar Dabbobi: An gwada, domin tun 1970 suka ware wani layi na masu zafin rai. An musanya 'ya'ya tsakanin iyaye, har dashen ɗan tayi an yi, halin bai bi mai reno ba.

Dattijo: A dai yi hattara da batun faɗuwar kunne da farin tabo a goshi, da ake cewa zaɓen natsuwa ne ya haifar da su a jikin yanyawan. Asalin yanyawan daga gonakin fata na tsibirin Prince Edward a Kanada suke, inda aka fara kiwonsu tun ƙarshen ƙarni na 19. Masu bincike sun nuna a 2019 cewa wasu alamomin sun riga gwajin bayyana. Raguwar tsoro ba a musanta ta ba, jingina kowace siffa ga zaɓen natsuwa ne ake jayayya a kai.