Neman kalmar Hausa: me za mu kira "paranormal romance" na masu tasowa?

Alƙalamin Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Masu yi mana sharhin littattafan Turanci a wannan zaure kullum sai su jefo "paranormal romance" a tsakiyar Hausa, wani ma ya ƙara "YA" (gajarcen "young adult", lakabin shekarun masu karatu) a gaba, mai karatu ya yi ta lalube. Ya kamata mu tsayar da kalma ɗaya. Abin da ake nufi shi ne labarin soyayya da ke gudana a duniyarmu ta yau, da makaranta da mota da wayar hannu, amma ɗaya daga cikin masoyan ba ɗan Adam ba ne irina irinka. Wanda ya fi shahara shi ne Twilight na Stephenie Meyer da ya fito a 2005: yarinya 'yar shekara 17 ta koma garin Forks a jihar Washinton ta Amurka, ta kamu da son wani ɗan ajinsu, ashe mai shan jini ne. Kafin shi akwai The Vampire Diaries na L. J. Smith tun 1991. Ga uku da na kawo a tattauna: soyayyar gaibu, soyayyar almara, soyayyar aljanu.

Malamar Adabi: Wa'alaikumus salam Malam. Gaibu kam a cire ta tun yanzu. Kalma ce ta aƙida, da an ambace ta hankalin Bahaushe yana tafiya ga imani da abin da Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Ka liƙa ta a littafin samari da 'yan mata, rigima za ka tayar kafin a buɗe shafin farko. Kuma ko a ma'ana ba ta zauna ba, domin saurayin nan ana ganinsa ƙuru-ƙuru, yana zaune a ɗakin cin abinci na makaranta da faranti a gabansa, ci ne kawai ba ya yi. Almara kuma ta yi faɗi. Ruwan Bagaja ma za a iya cewa almara ce, haka duk labarin sarakuna da dodanni a wata duniyar da marubuci ya ƙirƙira. Mu bar almara ga wancan rukunin.

Ɗan Damagaram: Ni da na so aljanu, don ita ce mai karatunmu ya sani. Marubutan Hausa na intanet sun daɗe suna rubuta budurwar da aljani ya aura ko saurayin da aljana ta maƙale wa. Amma da na auna sai na ga za ta yaudari mai saye. Wanda ya ga "soyayyar aljanu" ya san me yake jira: mafarki, ciwon da asibiti ya kasa ganowa, manema suna gudu, a kira malami a yi ruƙiyya, daga ƙarshe a raba su. Wato soyayyar ita ce cutar, rabuwa ita ce waraka. A littattafan Amurka abin a juye yake. Ƙungiyar marubuta soyayya ta can, Romance Writers of America, sharaɗi biyu ta gindaya kafin a kira littafi na soyayya: soyayyar ta zama ginshiƙin labarin, ƙarshen kuma ya zama mai daɗi da kyakkyawan fata. Ke nan dole masoyan su ƙare tare, ko da yarinyar ce za ta bar zama mutum. Mai karatun da ya shigo da tsammanin ruƙiyya zai fita da haushi, ya ba littafin tauraro ɗaya a Goodreads, shafin da masu karatu ke ba littattafai maki, alhali laifin sunan da muka sa ne.

Alƙalamin Fagge: To soyayyar jinsi biyu fa? Jinsin mutum da wani jinsin.

Malamar Adabi: A'a Malam, rufa mana asiri. Ka san inda kalmar jinsi take kai hankalin mutane a yau.

Hajiyar Laburare: Kafin a ci gaba da jefo sunaye, bari a fayyace iyakar rukunin, don sunan ya dace da abin da ke ciki. Ga yadda ake tantancewa idan littafi ya zo hannu. Da farko ka zare soyayyar a zuciyarka ka ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. In ya tsaya, misali jarumar farautar miyagun halittu take yi a birni, saurayin ɗan rakiya ne kawai, to wannan almarar birni ce, ba namu ba. In ya rushe, ka matsa gaba. Sai ka duba duniyar: akwai 'yan sanda da jarrabawa da iyayen da ke tambayar ina kika je? In babu, masarauta ce ta ƙirƙira da taswira a shafin farko, almara ce mai soyayya. Sai ka duba yadda aka zana halittar. In an zana ta don ka ji tsoro ka ƙi ta, kamar Dracula na Bram Stoker na 1897, labarin ban tsoro ne. In an zana ta kyakkyawa, mai fama da kanta don kada ta cutar da wanda take so, to ka iso gida.

Abin da ya haɗa su duka, kuma a nan nake so ku lura, shi ne sirri. Halittun nan suna zaune cikin mutane a ɓoye, kuma akwai doka mai tsanani a kan wanda ya tona. A littafi na biyu na jerin Twilight, wanda ya fito a 2006, wani gidan masu shan jini ne a garin Volterra na Italiya ke hukunta duk wanda ya bari ɗan Adam ya gane su. Kusan rabin farko na irin waɗannan littattafai ba komai ba ne illa yarinya tana tattara alamu: hannunsa sanyi ƙalau, ba ya zuwa makaranta ranar da rana ta take, ya tare mota da hannu ɗaya. Ranar da ta furta abin da yake, ranar labarin ke juyawa.

Ɗan Damagaram: Hajiya kin ba mu bakin zaren. Ai muna da "mutanen ɓoye".

Malamar Adabi: Muna da ita, amma sakaya ce ta aljanu da iskoki, za ta mayar da mu inda muka baro. A canza kalma ɗaya: halittun ɓoye. Kunnen Bahaushe zai ji ƙamshin tsohuwar kalmar ya gane inda aka dosa, amma ƙofa a buɗe take ga mai shan jini, da mai rikiɗa ya zama kyarkeci, da fatalwa, har da aljanin namu in marubuci ya bi wancan tsarin. Soyayyar halittun ɓoye.

Mai Gyaran Rubutu: Ina da ja kaɗan. "Soyayyar halittun ɓoye" tana nuna kamar su biyun duka halittun ne. "Soyayya da halittun ɓoye" ta fi nuna mutum a gefe ɗaya. Sai dai na san amsar da za a ba ni: a Vampire Academy na Richelle Mead, 2007, jarumar da malamin da take so duka ruwa biyu ne, rabi mutum rabi mai shan jini, babu cikakken ɗan Adam a cikinsu, kuma rukuni ɗaya ake sa shi. Don haka ta Malama ta fi ɗaukar kaya, na janye. Gargaɗi ɗaya: kada wani ya gajarta ta zuwa "soyayyar ɓoye". Wannan sunan wani abu ne daban, wanda ake yi a bayan idon iyaye.

Alƙalamin Fagge: Madalla. Saura "YA". Matasa?

Hajiyar Laburare: Matasa a bakinmu ta kai har mai shekara talatin da wani abu, da mata da 'ya'ya, yana shugabancin ƙungiyar matasan unguwa. Su kuwa masu laburare na Amurka 'yan shekara 12 zuwa 18 suke nufi, jaruman kuma galibi tsakanin 15 da 18 suke, 'yan sakandare. "Sabbin balaga" ta dace da shekarun amma tana da wani nauyi da zai sa uba ya ɗaga gira. "Masu tasowa" ta fi tsabta. Sai dai mai sharhi ya sani, wannan lakabi shekarun jarumai da kasuwar da aka nufa yake nunawa, ba shaidar cewa babu abin kunya a ciki ba ne. Littafi na huɗu na jerin Twilight, na 2008, akwai aure da ciki da haihuwa mai jini sosai. Duk wanda zai yi sharhi da Hausa ya ware layi ɗaya ya faɗi abin da ke ciki, saboda iyaye na karanta mu.

Malamar Adabi: Tunda sharhi ake magana, ƙorafe-ƙorafen masu karatu ma suna buƙatar suna, don su ne ke maimaituwa a kusan kowane littafi. Mafi yawa shi ne son farat ɗaya: sun haɗa ido a babi na biyu, a babi na biyar tana cewa ba za ta rayu ba sai da shi, ba su taɓa hirar kirki ba. Dalilin da ya sa yake ɓata labari shi ne marubuciya ta jingina da "ƙaddara ce ta haɗa su" maimakon ta nuna abin da ya ja su ga juna, sai mai karatu ya rasa abin da zai riƙe. Na biyu takarar samari biyu. Wannan kam raba masu karatu yake yi gida biyu, kamar yadda aka yi 'yan Edward (mai shan jinin) da 'yan Jacob (abokin takararsa) lokacin da finafinan Twilight suka fara fita daga 2008. Takarar tana aiki in kowane saurayi yana wakiltar rayuwa daban da yarinyar za ta zaɓa, tana mutuwa in tun farko kowa ya san wanda zai yi nasara. Sai tazarar shekaru: Edward fuskar ɗan 17 gare shi, amma an haife shi a 1901. Da kuma kishin da ya wuce kima ana sayar da shi a matsayin kulawa, ya shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci, ya hana ta zuwa wurin abokai. Masu karatu da yawa da suka so littafin suna yara, a nan suke tsayawa in sun sake karantawa da girma. Yanke labari a daidai gaɓar daɗi kuwa ba sai an koya mana ba, wanda ya saba da "mu haɗu a littafi na biyu" na marubutan Kano ya san zafinsa.

Ɗan Damagaram: Sunayen halittun fa? "Maye" ba zai yi wa mai shan jinin ba, maye kurwa yake kamawa, kuma zargi ne da ake yi wa mutum mai rai a unguwa. "Ɗan shan jini" kuma matsafa yake nufi a Najeriya. Ina ganin a ari kalmar a rubuta bamfaya, a bayyana ta sau ɗaya a farkon sharhi. Na kyarkecin a ce mai rikiɗa, tunda labarin mutum ya rikiɗa ya zama kura ba baƙo ba ne a wurinmu.

Hajiyar Laburare: Na yarda da duka biyun. Wanda ke buƙatar taka-tsantsan shi ne na littattafan 2009 irin su Hush, Hush da Fallen, inda saurayin mala'ika ne da aka koro daga sama. Musulmi ya san mala'iku ba sa saɓo, Iblis ma Alƙur'ani ya ce daga aljanu yake. Mai sharhi ya rubuta "korarren mala'ika, a yadda littafin ya ƙaga", kada ya mayar da shi aljani don gudun magana, domin fuka-fukai da korar da aka yi masa daga sama su ne ƙashin labarin.

Mai Gyaran Rubutu: Wajen sa alama a Facebook da Wattpad, dandalin wallafa labarai a intanet, a riƙa rubuta ta iri biyu, da ɓ mai ƙugiya da b zalla, saboda yawancin wayoyi "boye" suke bugawa, kuma wurin bincike ba ya haɗa su. A cikin sharhin kansa dai a rubuta ƙugiyar.