Shin omeprazole na rage ƙarfin clopidogrel?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, likita ya ɗora shi a kan clopidogrel domin kada jini ya sake yin guda a jijiya. Yanzu ƙwannafi na damunsa bayan tuwon dare, ƙanwata kuma tana sayo masa omeprazole a kantin magani. An ce mana magungunan biyu ba sa jituwa. Idan muka raba su, ɗaya da safe ɗaya da dare, hakan ya wadatar?

Mai harhaɗa magunguna, Marwa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar tana da tushe. Clopidogrel ba ya fara aiki sai hanta ta sarrafa shi da wani sinadari mai suna CYP2C19, omeprazole da ɗan'uwansa esomeprazole kuwa suna danne wannan sinadarin, sai ƙarfin maganin ya ragu. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan haɗa su, ta kuma bayyana cewa raba lokacin sha ba ya kawar da matsalar. Pantoprazole, wani maganin ƙwannafin ne, bai cika taɓa sinadarin ba, shi ya sa likitoci da dama suke komawa gare shi. Ku kai wa likitansa kwalayen duk abin da yake sha.

Malamar jinya, Ngaundere:
Malam, ina da ƙari. Kada tsoro ya sa ku dakatar da clopidogrel ko na kwana ɗaya ba tare da izinin likita ba. Binciken COGENT da aka wallafa a 2010 ya nuna omeprazole ya rage zubar jini a ciki ga masu shan clopidogrel da asfirin, kuma ba a ga ƙaruwar ciwon zuciya ba, ko da yake an tsayar da binciken kafin lokacinsa. Dattijo kamar Baba na iya buƙatar maganin kare ciki, abin da ya rage shi ne a zaɓi wanda ya dace.

Wani daga Njamena:
 Abin da ya fi damuna shi ne diclofenac da ibuprofen da ake saya a tiren masu talla saboda ciwon gwiwa, su ma suna jawo zubar jini a ciki. Idan kuka ga bayan gidan Baba ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ku kai shi asibiti nan take.