Wa ya taɓa shiga ƙungiyar masu gudu a daji a ƙasar waje?

Sadiƙ, Kuala Lumpur: Assalamu alaikum. Wani abokin karatuna ya gayyace ni ƙungiyar Hash House Harriers, masu gudu cikin kurmi duk mako. Kaɗaici ya ishe ni, daga aji sai ɗaki. Waɗanda suka taɓa shiga, yaya abin yake?

Malam Nura, Penang: Wa alaikumus salam ƙanena. A garin da kake ne ma Turawan Ingila suka kafa ta a 1938. Mutum ɗaya ko biyu sukan riga kowa shiga daji suna zuba garin fulawa ko yankakkiyar takarda, sauran su bi sawu. Da gangan ake saka hanyoyin ƙarya, masu sauri su ɓace su dawo, kafin nan masu tafiya a hankali sun iso. Abin da ya sa nake son ta ke nan, ba tsere ba ne, kuma a hanya mai santsi wanda bai san sunanka ba ne zai miƙo maka hannu. Amma ka sani tun yanzu, bayan gudu akwai zaman da'ira na shan giya da waƙe-waƙe marasa kunya. Ni tun ranar farko na ce ba na sha, ba wanda ya matsa mini, kuma da an fara zaman nake musu sallama. In zuciyarka ba ta natsu ba, akwai ƙungiyoyin gudun tsauni zalla. Ka sa doguwar safa saboda matsattsaku.

Maman Ilham, Sheffield: Ni tawa ba Hash ba ce. Da parkrun na fara, kilomita 5 kowace safiyar Asabar, kyauta. A nan wata dattijuwa ta ja ni cikin masu gudu a tuddan Peak District. Da hijabina da dogon wandona nake fita, ban taɓa jin wata magana a kai ba. Lokacin hunturu ƙarfe huɗu duhu ya yi, dole sai da fitilar goshi da rigar ruwa, ga taɓo har ƙauri. Takalmin titi ba ya riƙe ƙasa a can, sai mai haƙora. A kowace mararraba ana tsayawa a jira na baya. Ranar da ɗana ya kwanta asibiti, matan nan ne suka riƙa kai ni suna dawo da ni.

Habibu, Cape Town: Mu a Dutsen Table da Lion's Head muke hawa. A nan shiga ƙungiya har da batun tsaro, don ana yi wa masu hawa su kaɗai ƙwace, sannan hazo kan sauko farat ɗaya ya rufe hanya. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, kada ka biye wa tsofaffin hannu.

Sadiƙ: Na gode. To, watan azumi fa?

Malam Nura: Nakan bar kurmi gaba ɗaya, zafi da gumin Malesiya ba wasa ba ne. Sai ɗan sassarfa a unguwa bayan tarawihi. Ka sanar da shugaban ƙungiyar kawai, bayan Sallah ka koma.