Baro Biyu Suna Zaurena

Shugaba mai barin gado: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan miƙa kujerar ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai. Dogon jawabi ba nawa ba ne, ga 'yan baitoci. Wanda ya ga na yi tuya na manta da albasa, ya amsa, amma ya rufe baitinsa da "ya".

Da sunan Allah zan fara,
Shi ya nufe mu da shekara,
Tun hunturu har bazara,
Har kaka, muna godiya.

Janairun 2024 kun kira ni,
Kun ce kujerar ta dace da ni,
Tsoro ya kama ni, kun riƙe ni,
Ban ɗau kayan nan ni ɗaya.

Asabar ɗin ƙarshen wata,
Bakwai zuwa goma Kano ba fita,
Mu kuwa muna cikin kwata,
Da shebur, manjagara, tsintsiya.

Tun Mayu muka yi taro,
Muka fid da leda baro-baro,
Da marka ta zo ba tsoro,
Ruwan Agusta ya sami hanya.

Ma'aji: Ranka ya daɗe, ga albasar nan.

Ka yi waƙar kwata ka bar jaka,
Ni na san kukan da na sha a ɗaka,
Ɗari biyar a wata aka yanka,
Wasu sai na bi su gida su biya.

Tun Mayun 2023 da aka cire
Tallafin mai, farashi ya tsere,
Siminti a Fabrairu, sai a jure,
Ya haura dubu 10 buhu ɗaya.

Katangar maƙabarta muka nufa,
Gabas da kudu kaɗai muka kafa,
Ta yamma awaki na jefa ƙafa,
In za a faɗa, a faɗi gaskiya.

Shugaba:

Ma'aji, ka fama mini ciwo,
Ran da na ga awaki na kiwo
Kan kabarin Babana, na dawo
Gida na kasa cin tuwo da miya.

Uwar ƙungiya: Allah Ya jiƙan Malam, Ya kai haske kabarinsa. To amma ku maza kun cika baki. Baiti takwas na karanta, ban ji inda aka ambaci mata ba. Ku gyara zama.

Ran 11 ga Maris aka ɗau azumi,
Wa ya wuni gaban murhu da gumi?
Wa ya surfa gero a turmi,
Ya dama kunun tsamiya?

Mu ke jiƙa wake mu kai markaɗe,
Mu soya ƙosai, a leda mu naɗe,
Ku kuna inuwa, ranku ya daɗe,
Sai rabo ku fito da babbar murya.

Satumba madatsar Alau ta ɓalle,
Maiduguri ta sha ruwa, lalle,
Zannuwan da ke akwati a kulle
Muka fitar, har na lefen amarya.

Amma ɗana, ka yi haƙuri,
Na shaide ka da zuwa da wuri,
Daren da naƙuda ta zo da hatsari,
Ka ba da jininka ga maƙwabciya.

Sakatare: Hajiya ta yi mana wankin babban bargo, mun kuma karɓa. Ni nawa ba faɗa ba ne.

Littafin taro yana hannuna,
Wasu ba su ciki ko da suna,
Amma sun yi mana rana,
Bari in kawo su ɗaya-ɗaya.

Tayar baro ta sha hannun mai faci,
Bai karɓi sisi ba, sai zumunci,
Mai unguwa ya kai mu gun dagaci,
Aka ware mana bola can baya.

Famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu,
Yara na makara zuwa karatu,
Makanike ya zo a ranar hutu,
Ya canza roba, suka bar bin rijiya.

Auta: A gafarce ni, ban iya waƙa ba, amma yau sai na yi.

Yaya Shugaba, ina da ƙorafi,
Duk kwatar da ta fi zurfi,
Sai a ce in shiga, ni ne mai ƙarfi,
Ba safar hannu, ga kwalba ga ƙaya.

Amma ran da kwalbar ta yanke ni,
A babur ɗinka ka goya ni,
Aka yi ɗinki, ka biya mini,
Tabon na nan, kamar jiya.

Mai jiran gado:

Na ji, na karɓa, jikina na rawa,
Na ga kujerar ba ta hutawa,
Katangar yamma zan fara ginawa,
Kafin hadari ya haɗo, in da lafiya.

Ma'aji: To ka fara da biyan bashinka na wata uku.

Mai jiran gado: Haba Ma'aji, a gaban jama'a?

Shugaba:

Hajiya, na durƙusa, na tuba,
Waƙar farko ba ta cika ba,
Da ba ku a murhu da ba mu raba ba,
Ko ludayi guda na kunun tsamiya.

Auta, na saya maka takalmin ruwa,
Safar hannu ma tana zuwa,
Ran bulo na yamma zan yi sammakowa,
Na sauka kujera, ban bar gayya.

Wanda na tsawata wa a bakin aiki, ya yafe mini, zafin rana ne. Makullin sito yana hannun Sakatare. Baro biyu suna zaurena, ɗaya tayarsa ta sace, a biya da shi wurin mai faci kafin Asabar.

Auta: Wa zai turo su?

Uwar ƙungiya: Kai mana.