Masu binciken tsara birane a Legas: yaya kuka yi da mutanen da ke tsoron a ƙirga su?

'Yar Agege:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka yi digiri na biyu ko na uku a fannin tsara birane da muhalli a nan Legas su ba ni labarin yadda suka tattara bayanai a unguwannin mutanenmu. Bincikena a kan ambaliya ne da magudanan ruwa a wani yanki na Agege. An amince da takardar tambayoyina, na fita aiki, amma da na tambayi mutum shekararsa nawa a gidan, ko mutum nawa ke kwana a ɗaki, sai fuska ta canza. Wasu su ce mai gidan ba ya nan, wasu su tambaye ni kai tsaye ko rusau za a yi. A nan aka haife ni, da Hausa nake yi musu magana, duk da haka ba su sake da ni ba.

Mazaunin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ga laifinsu. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san abin da kan biyo bayan baƙo mai takarda da biro. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. A 2012 wa'adin awa 72 aka ba wani ɓangare na Makoko. Aka yi Otodo Gbame a 2016 da 2017, aka yi Tarkwa Bay a Janairun 2020. 'Yan Alaba Rago ma, waɗanda yawancinsu namu ne, an ba su notis ɗin tashi a 2022. Wanda ya ga wannan idan ya ƙi faɗa miki yawan mutanen gidansa, hankali ya yi.

Ni digiri na uku nake yi a kan halin da 'yan acaba suka shiga bayan hana su aiki, wato hanin Fabrairun 2020 da kuma na Yunin 2022 wanda ya rufe Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Lagos Island da Mainland. Ka tunkari mutumin da aka ƙwace wa babur kana tambayarsa inda yake kwana, ai ka san amsar da za ka samu. Sai da na ajiye fayil ɗin a gida. Na fara da gaida sarkin Hausawan yankin, shi ya haɗa ni da liman da shugaban 'yan acaba, aka sanar da zuwana bayan sallar isha'i. Daga nan na riƙa zama wajen mai shayi ina sauraro, ban rubuta komai sai na koma gida. Amma ki sani, wanda ya shigar da ke shi zai zaɓa miki mutanen da za ki gani. Waɗanda shugabanni suka kawo mini duk masu ɗan hali ne, masu babur na kansu. Yaran da ke karɓar babur a hannun wani suna biyan balas kullum, waɗanda hanin ya fi kassarawa, da ƙafata na nemo su daga baya.

Maman yara daga Mile 12:
'Yar'uwa, ki bar ƙofar gida ki shiga ciki. Wannan dama ce da maza abokan karatunmu ba su da ita. Da na yi nawa a kan ruwan sha da tsaftar muhalli, magidanta a waje cewa suke yi babu matsala, Alhamdulillahi. Matan ne suka nuna mini tabon ruwa a jikin bango, suka faɗa mini nawa suke ba mai ruwa a kan jarka, da kwatar da ke fara tumbatsa idan an yi ruwan Yuni da Yuli, da inda suke ɗora katifa idan ya shigo.

Abin da ya fi ba ni wahala kuwa takardar tambayoyin ce kanta. An tsara ta ne da tunanin kowa yana da iyali a ɗaki, ko mai gida ne ko ɗan haya. To ina zan sa ɗan dakon da ke kwana a rumfar tumatir, iyalinsa suna Katsina, da damina ta faɗi ya koma gona? Ina zan sa samarin da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki ɗaya, wasu su kwana da dare, masu gadi su kwana da rana? Malamin da ke duba aikina ya ce in fitar da adadin waɗanda zan tambaya daga ƙidaya. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, ta ba Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jiha ta ce miliyan 17.5 ta ƙirga. Kuma ƙidayar ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, saboda haka babu inda za ki buɗe ki ga yawan 'yan Arewa a Kosofe ko Agege. Da ƙyar ya yarda na ƙirga rumfuna da ɗakuna da kaina, layi-layi, na kuma bayyana a kundin dalilin yin hakan. A wajen kare kundin ma a kan wannan babin aka fi tsare ni da tambaya.

Ɗalibi daga Ojota:
Nawa a kan 'yan bola jari ne a babban jujin Olusosun. Ƙarin da zan yi kaɗan ne: ba duk mai jin Hausa ne Bahaushe ba. Na tarar da Barebari da Zabarmawa da mutanen Nijar da yawa, kuma wanda takardunsa ba su cika ba tsoronsa ya ninka na kowa. Ban tambayi suna ba, ban tambayi garin haihuwa ba, ban ɗauki hoton fuskar kowa ba.

Ma'aikacin tsara gari a Ikeja:
Malamai, ku bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, don na yi digiri na biyu ina bakin aiki. Na yarda tsoron yana da tushe. Sai dai wanda ba ya cikin lissafi ba ya cikin tsari. Idan ana zaune ana shata hanyar ruwa ko layin dogo, irin jan layin da ya bi ta Agege daga Agbado zuwa Oyingbo, abin da ke kan tebur shi ne taswira da alƙaluma. Unguwar da babu wanda ya taɓa rubuta yawan mutanenta da makarantun allonta da sana'o'inta, a hoton tauraron ɗan'adam rufin kwano kawai ake gani. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma akasarin mutanenmu rasit ɗin omo onile, wato 'yan asalin wuri masu sayar da filin gado, kawai suke riƙe da shi. Ku dubi Badia ta Gabas bayan rusau ɗin Fabrairun 2013: ɗan abin da aka biya daga baya, da jerin sunaye aka biya shi. Shi ya sa mazauna irin waɗannan unguwanni suka kafa tarayyarsu suna ƙirga kansu da kansu, tare da JEI, ƙungiya mai zaman kanta da ke kare haƙƙin talakawan birni. Ni shawarata ga ƙanwarmu ita ce ta ɗauki matasan unguwar su zama masu tattara mata bayanai, idan ta gama ta kai wa shugabanninsu kwafi da Hausa. Kundin da ya tsaya a laburaren Jami'ar Legas da ke Akoka bai gyara wa kowa kwata ba.

Mazaunin Idi-Araba:
Ranka ya daɗe, na karɓi maganar kai musu kwafi, ni ma na yi wa 'yan acaba wannan alƙawari. Inda ban bi ka ba shi ne cewa shiga lissafi kariya ne. Mutanen Otodo Gbame an san da su sarai, suna da lauyoyi, suna da umarnin kotu a hannu a Nuwamban 2016, aka rushe su bayan kwana biyu. Sai a Yunin 2017 Babbar Kotun Legas ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, lokacin gidajen sun riga sun tafi. Don haka ni a kundina alƙaluman unguwa a dunƙule nake bayarwa. Taswirar da ke nuna takamaiman inda suke ajiye babura da dare tana cikin kwamfutata, ba za ta shiga kundin ba. Na faɗa wa malamina haka, kuma har yanzu ba mu daidaita a kai ba.