Wai me za mu kira online harassment da Hausa ne?

Jama'a ku taimaka min da kalma, abin ya tsaya min a rai tun makon jiya. Ƙanwata ce ta kira ni da dare muryarta na rawa, wai wani da ba ta sani ba yana bin duk abin da ta ɗora yana zaginta, ta yi bulokin ɗinsa ya dawo da sabon akawun, ta sake ya sake, har sau uku, daga ƙarshe ya turo mata hoton ƙofar wurin aikinta ta inbos ba tare da ya rubuta komai ba. Na ce ki faɗa wa Baba mana. Sai ta ce "Yaya in ce masa me? In ce ana tsokanata a waya? Cewa zai yi to ki ajiye wayar." Kuma wallahi gaskiyarta.

Na ga an fi rubuta cin zarafi ta intanet, musamman a labarai. Ba laifi, amma kalmar ta yi faɗi da yawa, duka ma cin zarafi ne, fyaɗe ma haka ake sakaya shi, to in yarinya ta ce an ci zarafina hankalin iyaye wani wuri zai tafi, ita kuma sai ta gwammace ta yi shiru da ta tsaya dogon bayani.

Da na fara tambaya, wani a kwament ya ce tsokana. A'a malam, tsokana ai ita ce mafakar mai yin abin, da an kama shi sai ya ce haba wasa nake. Mu bar wa troll wannan, ɗan tsokana, mai jefa magana don a yi ta cacar baki yana gefe yana dariya. Cin zali kuma da wata 'yar uwa ta kawo ya fi zama a kan cyberbullying na 'yan makaranta, inda babba ke danne ƙarami. Amma a intanet sau da yawa wanda ke yi maka ɗin bai fi ka komai ba, ɓuya kawai ya samu.

Ni dai tsangwama ta fi kwanta min. Ba a cewa an tsangwami mutum don an zage shi sau ɗaya, sai an sa shi a gaba, yau da gobe, an hana shi sakat har ya ji wurin ya fita a ransa. Kuma abin da ake nufi kenan, a takura ka har ka rufe shafinka ka gudu. Tsangwamar intanet. Tana da nauyi amma ba ta da abin kunya a ciki, yaro zai iya faɗinta gaban mahaifinsa. Kuma kar a ɗauka ƙaramin abu ne, rahoton cibiyar bincike ta Pew da ya fito a 2021 ya nuna kashi 41 cikin 100 na manya a Amurka sun taɓa fuskantar wani nau'i nata.

Wata Hajiya ta gyara min, ta ce ɗana ai tsangwamar ma kala-kala ce, kuma ta yi daidai. In mutum ɗari suka yi wa mutum ɗaya caa a ƙarƙashin fostin guda, wannan rubdugu ne, muna da kalmar tuntuni. Doxxing, wato a kwaso adireshinka da lambarka da wurin aikinka a watsa, tonon silili ya ishe shi. Wanda ke bin sawunka daga shafi zuwa shafi kuma bibiya yake.

Amfanin raba su shi ne wajen neman taimako, don kowanne da maganinsa. Kuskuren da ƙanwata ta yi shi ne saurin buloki kafin ta ɗau shaida, akawun biyu na farko duk sun tafi ba komai a hannunta. Ka fara sikirinshot tukuna, sunan akawun da ranar su fito, ka kwafi adireshin shafin nasa ma don suna ana canza shi a minti ɗaya. Sannan rifot, sannan buloki. Instagram na da Restrict tun 2019, in ka sa wa mutum shi, kwament ɗinsa shi kaɗai zai riƙa gani bai ma san an rufe masa baki ba, wannan ya fi dacewa da wanda buloki ke ƙara tunzurawa. Amma da zarar an kai ga barazana ko an nuna an san inda kake, ya wuce rifot, a tattara shaidun a je wurin 'yan sanda, kuma a tafi da wani babba.

In kuma hotunan tsiraici ne ake barazanar saki, kar a biya ko sisi, wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. Akwai shafukan intanet na hana yaɗa irin waɗannan hotuna, StopNCII na waɗanda suka kai 18, da Take It Down na hotunan da aka ɗauka mutum bai kai 18 ba. Hoton ba ya barin wayarka, wata lamba ce ta musamman ake cirowa daga jikinsa a ba kamfanoni irin su Facebook da TikTok, in wani ya zo ɗorawa su gane shi.

To shi wannan na ƙarshen ne har yanzu ban samu sunansa ba, sextortion, wato neman kuɗi da barazanar sakin hotunan tsiraici. An ce min barazanar tona asiri, amma babu kuɗin a ciki. Wani ya ce cinikin asiri, ya yi daɗin faɗa sai dai kamar da yardar mutum ake cinikin. Ƙwace da tsiraici fa? Masu Hausa a baki ku zo.