Yaya kiɗan raga na Indiya ke haɗuwa da na Turawa?

Sadiya, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana kiɗa. An ce raga, kiɗan gargajiyar Indiya, nan take makaɗi ke saƙa shi a gaban jama'a, alhali babbar ƙungiyar makaɗan Turai ba ta kaɗa komai sai abin da aka rubuta mata. To, ta yaya Ravi Shankar, makaɗin Indiya, ya iya kaɗa sita, abin kiɗan Indiya mai tsirkiyoyi da yawa, tare da irin wannan ƙungiya ta London Symphony Orchestra a 1971?

Malam Bello, Talata Mafara:
Wa'alaikumus salam, Malama Sadiya. Raba aiki ya yi: ya rubuta wa ƙungiyar nata rabon, André Previn ya jagorance ta, shi kuma Shankar ya bar wa kansa gurabun da zai saƙa nasa nan take. Sai dai matsalar ta wuce rubutu. Raga karin murya ɗaya yake bi, a kan wani amo marar canzawa da tambura, wani abin kiɗan Indiya mai tsirkiya da dogon wuya, ke riƙewa, kuma daɗinsa yana wajen jan tsirkiya gefe da yatsa har sauti ya sulale zuwa na gaba ba tare da ya yanke ba, kamar yadda mai kalangu ke matse shi a hammata. Su kuwa Turawa sun yanka tsanin sautinsu gida 12 daidai wa daida, suna jera sauti uku ko huɗu lokaci guda, kuma da zarar wanda ragan ya hana ya shigo ciki, an fita daga ragan. Shi ya sa Shankar ya fi sa ƙungiyar ta bi karinsa ko ta amsa masa.

Alhaji Umaru, Kaura Namoda:
Malam, a gafarce ni, amma ashe ke nan ƙungiyar ce ta yi asara, tunda an mai da ƙwararrun makaɗa 'yan amshi. Ni na fi gamsuwa da faifan da Shankar ya fitar tare da Yehudi Menuhin, makaɗin gogen Turai, a 1967, wanda ya ci kyautar Grammy, domin gogen Turai ba shi da ƙarafunan raba sauti a wuyansa, yatsa na iya sulalewa yadda ragan ke so.

Malam Bello:
Da gaskiyarka, Alhaji. Rashin wannan sulalewar na cikin dalilan da suka sa gidan rediyon All India Radio ya hana kaɗa hamoniyam, akwatin kiɗa mai maɓallai da ake hura wa iska, daga 1940 har zuwa 1971.